Wanda Ya Ci Biyu Ya Tashi

Ka taɓa zama a gidan gem tun azahar kana jiran layinka, da ya zo aka cire ka cikin minti biyar, ka koma benci ka ci gaba da kallon wasu har rana ta yi sanyi? In ka taɓa, tsaya ka karanta wannan har ƙarshe.

Akwai wani matashi a Kubwa mai suna Aminullahi. Ɗan Abaji ne. Ya gama bautar ƙasa a 2016, ya samu aiki a wani ƙaramin ofis a Garki. Daga Litinin zuwa Juma'a rayuwarsa ta bas ce: ya tare ta da sassafe, ya sha cunkoso, ya dawo a gajiye.

Amma Asabar tasa ce.

Mutumin nan yana son wasa, so na gaske. Ƙwallon gem, lido, karta, dara, babu wanda ba ya yi. In ya ji labarin sabon wasa, sai ya nemi dokokinsa ya kwafe a littafi da biro.

A tsakar gidan da yake haya akwai rumfar kwano. Mai gidan, Mama Alice, ta ce shi da abokansa su riƙa zama a ciki, da sharaɗin ba caca, ba zagi, kuma a watse kafin magariba. Haka aka kafa Majalisar Asabar a 2017. Kafin shekara ta zagayo sun kai mutum goma sha takwas.

Cikinsu akwai Muhyiddeen, mai shagon waya a kasuwar Kubwa, iyayensa 'yan Kano. PS ɗin, wato injin gem ɗin da ake bugawa, nasa ne, talabijin ma tasa ce. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Babu mai tsaya masa a ƙwallo.

Dokar majalisar ita ce dokar da kowa ya tarar a gidan gem tun yana yaro: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na gaba. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya kafa ta.

A rumfar akwai kujera guda mai katifa, tana fuskantar talabijin. Ta mai ci ce. Sauran kowa benci. Tun daga ranar farko Muhyiddeen ya hau kujerar nan, kuma sallah kaɗai ke tayar da shi. Har ya kai in zai tashi sai ya ɗora hularsa a kai.

Wata Asabar a 2018, Aminullahi ya zo da baƙo. Sunansa Divine, malamin firamare ne ɗan Paikon Kore, a bas suka saba. Bai taɓa riƙe hannun gem ba. Ya rubuta sunansa a takardar layi, ya jira awa biyu cur.

Da layinsa ya zo, ya juya hannun gem ɗin sama da ƙasa, ya ce, "Oga, wane maɓalli ne tana buga ƙwallo?"

Muhyiddeen bai ko dube shi ba. "Danna duka, malam. Wanda ya yi maka, naka ne."

Aka tashi bakwai da nema. Muhyiddeen ya ɗauki bidiyon fuskar Divine yana lalube, ya tura guruf ɗinsu na WhatsApp, ya rubuta a ƙasa cewa malamin makaranta ya zo ɗaukar darasi. Aka yi dariya. Divine ma ya yi murmushi, ya yi sallama da kowa hannu da hannu, ya tafi.

Bai sake zuwa ba.

Abin ya tsaya wa Aminullahi a rai. Washegari ya ɗauko takardun layi na wata shida, waɗanda yake tarawa a leda, ya baje su a tabarma. Abin da ya gani ya ba shi kunya. Sunaye tara sun ɓace ɗaya bayan ɗaya. Abokinsa Fatihu, wanda bai taɓa fashi ba, in aka haɗa duk wasan da ya buga a wata shidan nan bai cika awa uku ba. Mutane suna barin gidajensu su zo kallon mutum ɗaya.

Asabar ta gaba, kafin a kunna talabijin, Aminullahi ya miƙe ya ce yana da magana. Ya ce daga yau wanda ya ci sau biyu a jere zai tashi daga kujera. Kuma ba tashi kawai ba: zai koma kusa da wanda ya fi kowa rauni, ya koya masa.

Muhyiddeen ya yi dariya har da tafa cinya. Ya ce a ina aka taɓa hukunta mutum don ya iya? Ya ce wanda ke son kujera ya zo ya ƙwace ta, ga fili. Aminullahi ya ce ba hukunci ba ne, shi dai bai buɗe rumfar nan don a tara 'yan kallo ba.

Sai Muhyiddeen ya daina dariya.

"Aminu, ka manta na wa ne injin nan?"

"Ban manta ba."

"In wannan dokar ta zauna, ni zan tashi. Da PS ɗina, da talabijin."

Kowa ya san in babu injin nan, rabin mutane ba za su dawo ba. Fatihu yana ta yi wa Aminullahi alama da ido ya sassauta.

Aminullahi ya sunkuya, ya zare wayar daga soket da hannunsa, ya naɗe ta a hankali, ya miƙa masa.

"Ga ta. In kira maka mai keke Napep?"

Mai keke ya zo, aka loda. Mutum biyar suka bi Muhyiddeen.

Asabar ta gaba, mutum huɗu ne a rumfar, da allon lido guda, da karta da ta sha jiki. A guruf aka sa musu suna Majalisar Tsofaffi. Wani ya tambaya ko su kawo musu goro da buta. Fatihu ya ja Aminullahi gefe ya roƙe shi ya je ya ba da haƙuri, ya ce girman kai ne zai kashe abin da suka gina. Aminullahi ya ce in majalisar ba za ta rayu ba sai da mutum ɗaya a kujera, to ta mutu, zai tara wata.

Wata biyu suna haka. Wata rana ma su biyu ne kawai, shi da Fatihu, ruwan sama yana dukan kwano. Suka buga karta har suka gaji da fuskar juna.

Ranar wata Lahadi Aminullahi ya hau mota zuwa Gwagwalada, daga nan ya hau babur zuwa Paikon Kore. Ya je neman Divine.

Ya tarar da shi bayan an taso daga coci, a gindin mangwaro tare da dattawan unguwa. Sun haƙa ramuka a ƙasa, layi biyar gida shida-shida, suna buga dara da tsinke da tsakuwa. Aminullahi ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Divine ya ce ya wuce, amma shi da Kubwa ranar Asabar sai dai a labari.

Don kada tafiyar ta tashi a banza, Aminullahi ya nemi su buga dara. Yana ganin ya iya, tunda yana da dokokin a littafi. Divine ya cinye shi sau uku a jere, yana yi yana hira da wani tsoho kan doya.

Aminullahi ya karkaɗe wandonsa, ya ce, "Malam, na fasa gayyatarka ka zo ka buga. Zo ka koya mana."

Divine ya ce zai yi tunani. Bayan mako uku sai ga shi da katako a hamata, ya sa kafinta ya fafe masa ramuka talatin, ga murafan kwalba a aljihu. Ya ci Fatihu, ya ci Aminullahi. Yana gyara zama don na uku, Aminullahi ya ce masa dokar ba ta san baƙo ba. Divine ya yi dariya, ya tashi, ya koma kusa da Fatihu yana nuna masa inda ya yi kuskure.

Daga nan abin ya fara motsi. Waɗanda suka ɓace suka ji labarin yanzu kowa yana samun hannu, suka fara leƙowa. Korona ta zo a 2020 ta rufe rumfar wata da watanni, aka buɗe suka dawo. Wani ya kawo tsohon PS na ƙaninsa da ƙaramar talabijin. Aminullahi ya yi aure, matarsa Khairat ta buɗe teburin lido na mata a ɗaya gefen, har Mama Alice ta zama abin tsoro a wurin. Zuwa 2022 sai da aka ƙara benci uku.

Shi kuwa Muhyiddeen, ya kafa tasa a bayan shago. Mutum biyar ɗin nan suka yi wata guda suna shan kashi, suka fara kawo uzuri. Wannan ɗaurin aure, wancan ciwon kai. Ya koma bugawa da kwamfuta, yana ci, ba mai gani. Hannun gem na biyu ya daɗe a aljihun tebur har batirinsa ya daina ɗaukar caji.

Wata Asabar a 2023, ana tsakiyar wasa, sai ga Muhyiddeen a bakin rumfa, rungume da kwalin sabon PS. Ya yi sallama, aka amsa. Idanun samari duk suka koma kan kwalin.

Ya ce ya kawo wa majalisa ne, kyauta. Abu ɗaya yake nema: a ƙwallo kawai, a bar tsohuwar doka. Sauran wasanni su yi yadda suka ga dama.

Wasu suka fara gunaguni cewa ai ba laifi, tsohon injin nan kullum sai ya tsaya. Aminullahi ya bari suka gama.

"Muhyi, wallahi mun yi kewarka. Kai muna so. Kwalin nan in da sharaɗi ya zo, mai da shi shago."

"Shekara biyar, har yanzu kana nan da taurin kanka?"

"Ina nan. Ga takardar layi can."

Muhyiddeen ya gyara riƙon kwalin. Ya dubi ƙofar gida, ya dubi rumfar, mutum kusan talatin kowa da abin da yake bugawa. Sai ya ajiye kwalin a gindin ginshiƙi, ya ɗauki biro. Shi ne na goma sha ɗaya.

Ya zauna a benci tun azahar har bayan la'asar. Da layinsa ya zo, ya ci na farko, ya ci na biyu, kamar bai taɓa barin wurin ba. Nan kowa ya juyo yana kallonsa, har teburin mata.

Ya ajiye hannun gem ɗin. Sannan ya tashi, ya ce, "Wa zan koya wa?"

Aka nuna masa Sabo, direban bas mai shekara arba'in da ɗoriya, wanda makonsa na biyu ke nan kuma bai taɓa zura ƙwallo ba. Muhyiddeen ya zauna kusa da shi, ya gyara masa riƙo, ya ce ya daina kallon yatsunsa ya kalli fili. Yana faɗa masa a hankali: ba shi, jira, yanzu.

Minti na tamanin a agogon wasan, Sabo ya buga, ƙwallo ta shiga. Wanda ya fara tsalle yana ihu har ya buga kansa da kwanon rumfa, Muhyiddeen ne.

Darasi: Iyawar da ke korar mutane daga kusa da kai, ƙarshenta ka zauna kai kaɗai da ita. Kuma in ka tsaya kan abin da yake daidai, kada ka sayar da shi don tsoron a ɗauke maka kayan aiki. Mutane ne majalisa, ba inji ba. Wannan Asabar ɗin, duba wanda ya fi kowa daɗewa a benci a wurinku, ka tashi ka miƙa masa hannu. Sannan ka tura labarin nan guruf ɗin abokan wasanka, musamman ga mai kujerarku.