Askar Shekara a Tukunyar Likita

Akwai wani wanzami da aka yi a Matameye, ƙarshen zamanin mulkin Faransa, ana ce masa Shekara. Dattijon kirki ne, amma fa ba ya wasa da askarsa. Gadon ubansa ce, ko matarsa ba ta taɓa masa zabira.

Maƙwabcinsa Illa ma'aikacin gidan likita ne. Shi ke kula da wata tukunyar ƙarfe mai agogo a murfi, wadda ake ɗorawa a kan risho, tururinta ya kashe cutar da ke jikin almakashi da allurai.

Rahamatu, matar Illa, ta daɗe tana neman haihuwa. Da Allah Ya ba su 'ya mace, murna ba a magana. Sai dai Illa ya sha ganin jariran da ake kawo masa bayan suna, inda aska ta taɓa ya kumbura yana ruwa, wasu ma ba su tashi ba. Tsoro ya kama shi.

Ya nemi izinin shugabansa, sannan ya je ya durƙusa gaban Shekara.

"Baba, alfarma nake roƙo. Askar da za a yi wa jikarka aski da tsaga, a bari in sa ta a tukunya."

"A dafa askata? Kaza ce?" in ji Shekara. "Da ita na aske kanka, ga ka nan ƙato!"

"Haka ne, Baba. Amma yarinyar nan mun daɗe muna jiranta."

Can tsohon ya ce, "To, na ji."

Ranar suna da sassafe suka tafi gidan likita. Illa ya zuba ruwa daidai alama, ya tsokace ƙofar tururi don kada ta toshe, ya naɗe askar a farin ƙyalle, ya ɗaure murfi tamau. Da tukunya ta gama aikinta ya kashe risho, sai Shekara ya kai hannu zai buɗe.

"A'a, Baba! Sai tsinken agogon nan ya kwanta. In aka buɗe yanzu, tururin zai saɓule fatar mutum."

Shekara ya zauna yana gunaguni har tsinken ya kwanta.

Suka dawo gida, tsakar gida cike da mata, jaririya a cinyar kakarta. An raɗa mata suna Jamilatu. Illa ya ajiye kunya ya tsaya kusa.

Shekara ya wanke hannu da sabulu, ya warware ƙyalle. To, kun san abin da hannu ya saba! Bai ankara ba ya jawo tsohuwar fatar wasa aska daga zabira, ya goga askar a kai.

Illa yana kallo. In ya yi magana a fili, ya kunyata dattijo gaban mata. In ya yi shiru, 'yarsa ce. Sai ya tsuguna kamar zai gyara tabarma, ya raɗa masa a kunne, "Baba, fatar nan ba ta shiga tukunya ba."

Shekara ya dubi fatar, ya dubi jaririyar. Sai ya yi dariya ya miƙe.

"Mata, ku yi ta shan fura. Askar nan sai ta koma wanka."

Suka koma. Wannan karon sai da ya wasa ta tukuna aka naɗe. Rana ta yi sama, hankalin Illa duk yana kan baƙin da ya bari. Yana kashe risho ya kama murfi. Caraf, Shekara ya riƙe masa hannu.

"Kai, Likita! Tsinken bai kwanta ba."

Illa ya ji kunya, suka fashe da dariya, suka zauna jira.

Tsagar Jamilatu ta warke sumul, ko zazzaɓi ba ta yi ba. Daga nan duk sunan da za a yi, Shekara sai ya biya gidan likita da askarsa, kuma shi ke zaman gadin tsinken.

Darasi: Kayan da zai taɓa jikin mutum ba a yi masa gaggawa, kuma gyara cikin ladabi ya fi shiga kunne. Wanda ka tunatar yau, wataƙila shi zai riƙe hannunka gobe. Ku tura wa ma'aikatan lafiya da wanzaman da kuka sani.