Dakta Mai Kanti da Ƙafar Wazir

An yi wani mutum a nan gefen kogin Corentyne, ya 'yan uwa. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma wasunku sun sayi sukari a hannunsa. Kanti gare shi a bakin titi. A kan teburinsa akwai kwalba cike da kafso ja da baƙi, maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta.

Mura ce? Kafso biyu. Ciwon kai? Kafso biyu. Gurasar roti ta zauna maka a ciki? Uku. Bai taɓa leƙa ajin likitanci ko ta taga ba, amma ana ce masa Dakta yana amsawa.

Nas Verlyn ta asibitin ƙauye ta sha yi masa magana. "Kawu, wannan fa ba alewa ba ce. In ana sha barkatai, ƙwayoyin cutar sabawa suke yi, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi aiki."

Sai ya yi dariya. "'Yar nan, ina ba mutane magani tun kina zanen goyo. Ku me kuka iya ban da tsira wa masu lafiya allura?" Haka ya hana iyalinsa rigakafi kaf.

Ɗa ɗaya gare shi, Wazir, saurayi, shi ke noma musu shinkafa. Ran nan yana cikin taɓo ya taka tsohon ƙarfen garma, ya shige masa tafin ƙafa. Nas ta tako har kantin da kanta. Ta ce ciwon ya yi zurfi, ƙasa ta shiga, a kawo shi yau a wanke, a yi masa allurar hana cutar sarƙewar haƙora. Daga ƙofar kantin ana hango rufin asibitin.

Amma Dakta guda ya kai ɗansa wurin nas, a gaban masu sayen maganinsa? Ina! Ya ɓare kafso, ya zazzage garin a ramin, ya ɗaure da tsumma. Bakin ciwon ya rufe, har yana nuna wa mutane.

Rana ta takwas Wazir ya zauna cin abinci, ya ce, "Baba, muƙamuƙina ya yi nauyi." Aka ba shi kafso biyu. Washegari wuya ya sandare. Kwana ɗaya bayan nan gadon bayansa ya lanƙwashe, ko ƙofa aka buga sai jikinsa ya ɗauki fizga.

Da aka aiko mini a matsayina na liman na je, na tarar da uban a durƙushe da cokali, yana ƙoƙarin raba haƙoran ɗansa don ya tura kafso.

Muka kai Wazir babban asibiti, likitoci suka yi iya yinsu, amma an makara. Na tsaya a kansa ina laƙƙana masa kalmar shahada. Idonsa biyu, yana ji na sarai, hawaye na zuba, bakin ya ƙi buɗuwa.

Ya 'yan uwa, ajali na Allah ne, ba wanda ya musa. Amma wa ya hana allurar? Uban ya ji gaskiya da kunnensa daga bakin masu ilimin abin, girman kai ya hana shi karɓa. Kada ku sha abin da likita bai rubuta muku ba, kuma in ya ce rigakafi, ku miƙa hannu.

Allah ya ji ƙan Wazir. Allah ya kiyaye mu da zama sanadin abin da zai kai 'ya'yanmu kabari.