Sarkin Da Ya Ga Tsakiyar Wasa

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa, mai fara'a, mai son nishaɗi, sai dai Allah bai hore masa jira ba. Al'adar fadarsa ita ce, in za a yi taro, talakawa su hallara tun hantsi, sarki da fadawa su iso daga baya, su kuma riga kowa tashi. Sarki ba ya jiran kowa, shi ake jira.

Ran nan wani mai wasan kwaikwayo, sunansa Jatau, ya kawo wasa ƙofar fada. Wasan babu magana ko ɗaya, sai kalangu. Da sarki ya iso ya zauna, sai ya ga wani mutum yana rushe katangar gidansa da hannunsa yana kuka, matarsa na rangaɗa guɗa. Sarki ya dubi waziri, waziri ya dubi rufin rumfa. Ba a jima ba suka tashi.

Kafin la'asar gari ya rabu biyu. Fadawa na cewa shirme ne tsagwaronsa, an raina musu hankali. Marina da masu sayar da fura na rantsuwa ba su taɓa ganin abin da ya ratsa su haka ba. Har wani mahauci ya shiga gaba da surukinsa a kan zancen, suka wuni ba gaisuwa.

Sarki ya sa aka kawo Jatau. Waziri ya ce, "Ya sarki, wasan da masu rawani suka kasa ganewa, ta ina marina za su gane shi? Kurin banza suke yi. A farke kalangunsa, a fitar da shi daga gari."

Jatau ya durƙusa. A garin nan aka haife shi, kalangun kuma gadon ubansa ne.

Sai aka ji wani ya yi gyaran murya daga bakin zaure. Nomau ne, tsohon da ke share filin taro, tsintsiyarsa a hammata. Sarki ya yi murmushi ya ce, "Baba, kai ma kana da ta cewa?"

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, tambaya ce da ni. In aka kawo maka kifi ba kai ba wutsiya, za ka iya faɗin sunansa?"

Sarki ya ce, "Da wuya."

"To laifin kifin ne, ko na wanda ya datse shi?"

"Na mai wuƙa ne."

"To a filin nan yau, wa ya fi kowa talauci?"

Sarki ya ce, "Kai mana, da tsintsiyarka."

Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kai ne. Ni na zo da sassafe don shara, na tsaya har ƙarshe don shara, na sami wasa sukutum. Kai sulusi aka ba ka. Wuƙar kuwa a fadarka take."

Waziri ya haɗe rai. Sarki kuwa ya tuntsire da dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce gobe a sake wasan, shi zai riga kowa zuwa.

Haka aka yi. Sarki ya zauna tun fili na wayam, mutane na isowa suna mamaki. Aka fara. Ashe wa da ƙane ne suka yi faɗa, suka gina katanga tsakiyar gidan ubansu, uwarsu makauniya na laluben hanya tana karo da ita. Aka daɗe a nan, kalangu na tafiya a hankali, har waziri ya soma gyangyaɗi. Sannan wan ya tashi ya rushe katangar yana kuka, matarsa na guɗa. A ƙarshe tsohuwar ta miƙa hannu tana neman bangon, ta ji babu, sai ta taɓa fuskar ƙaramin ɗanta. Suka zauna su uku kan akushi ɗaya.

Sarki ya share ido da bakin riga, bai ɓoye ba. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Jatau, fili ya ɗauki sowa. Mahaucin nan ya rungume surukinsa. Waziri dai ya ce shi har yanzu yana ganin wasan ya yi tsawo, sarki ya ce ai wanda ya yi barci ya fi kowa sanin tsawonsa.

Da hayaniya ta lafa, sarki ya kira Nomau gefe. Murnarsa ta ɗan dusashe, ya ce, "Baba, jiya saura ƙiris in kori mutum a kan sulusin wasa. Shari'a nawa na yanke haka?"

Nomau ya ce, "Ya sarki, ni dai ina shara kullum. Ina ganin masu ƙara suna zuwa kafin ka fito, suna nan kuma bayan ka shiga."

Tun daga ranar sarki ya zama na farko a zauren shari'a, na ƙarshe wajen tashi. In waziri ya ƙosa, sai sarki ya ce masa, "Zauna. Wanda bai ji farko ba, bai jira ƙarshe ba, ba shi da hukunci a tsakiya."