Cindo da Mai Karyayyar Ƙafa

An ce a wani zamani rikici ya ɓarke tsakanin mutanen Kurmin Gwaza da na Tudun Faru a kan mashayar dabbobi, har ta kai ga kibiya da gobara. Wata ƙungiyar agaji ta kafa tantin jinya a tsakaninsu, ta ɗora ma'aikacinta Cindo a kai. Cindo ya sha horo, ya haddace dokar yaƙi tsaf: wanda ya ji rauni ya ajiye makami, a yi masa magani ba tare da an tambayi garinsu ba, kuma wanda ciwonsa ya fi tsanani shi ake fara dubawa.

Ran nan da hantsi aka shigo da wani ƙato a kan ƙyauren ƙofa, ƙafarsa a karye. Cindo na leƙawa ya gane Barmo ne na Tudun Faru, wanda ya cinna wa rumbun kawun Cindo wuta, ya kuma tsaya ya gasa masara a garwashin. Ga samarin Kurmin Gwaza a bakin tanti da gorori, suna cewa a miƙo musu shi. Cindo ya ce zai duba ruwa, ya zaga baya yana gunaguni, wai wanda ya rubuta dokar nan kawunsa ba shi da rumbu.

Tsohon jakin da ke ɗauko wa tantin ruwa ya ji shi. Ya ce, "Malam Cindo, ina jiye maka abin da ya sami Kunkuru maɗori." Cindo, da yake neman abin ɓata lokaci yake yi, ya zauna ya ce a faɗa masa.

Jaki ya ce, lokacin da birai da karnuka suka yi yaƙi a kan gonar gyaɗa, Kunkuru ne kaɗai maɗori a dajin. Ya kafa rumfa, ya ɗaura farin ƙyalle, kowane ɓangare ya rantse ba zai taɓa ta ba. Wata rana aka kawo wani kare da karaya, ashe shi ne wanda ya taɓa gara Kunkuru kamar ƙwallo a gaban surukansa. Kunkuru ya ƙudura zai ɗora ƙafar a juye. Ungulu, wadda kullum take zaune a kan rumfar da nata buri, ta ce ita dai ɓarnarsa abincinta ce, amma saboda maƙwabtaka bari ta ba shi labarin Mati mai rijiya.

Ungulu ta ce, Mati na da rijiya a kan hanya tsakanin mutanen gabas da na yamma, waɗanda ba sa ga maciji da juna. Duk mai ƙishirwa da ya zo sai ya tambaye shi na ina ne, in amsar ba ta yi masa ba ya naɗe guga. Wata rana santsi ya kwashe shi ya auka ciki. Ya yi ta kururuwa har wani ya leƙo ya tambaye shi na ina ne. Rana ta kashe masa ido, bai ga fuska ba, sai ya yi canke ya ce na gabas. Mutumin na yamma ne, ya yi gaba. Da wani ya leƙo, Mati ya ce na yamma. Shi kuwa na gabas ne, ya ƙara masa da tsaki. Can wata tsohuwa ta leƙo, kafin ta buɗe baki Mati ya ce, "Iya, ni na cikin rijiya ne." Ta ce abin da take son ji ke nan, ta kira jikokinta suka zura igiya. Ungulu ta ce, "To Kunkuru, karen nan na cikin rijiya ne."

Kunkuru bai ji ba. Ya ɗora ƙafar a juye, kare ya warke, in ya nufi gida sai ya tsinci kansa a kasuwa. Karnuka suka fusata. Birai ma, da kowannensu ya tuna ya taɓa zama a kan Kunkuru da zaton dutse ne, suka daina yarda da shi. Aka yi arangama a cikin rumfar, aka taka shi ƙoƙon bayansa ya tsage, aka nemi maɗori a dajin kaf, babu sai shi.

Jaki ya ce, "Tantin nan naka, Malam, ba kibiyar da ba za ta huda shi ba. Yardar ɓangare biyu ce ke tsare ka. Ka miƙa mutum ɗaya, gobe kowa ya shigo da gorarsa."

Cindo ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce ya ji. Ya gaya wa samarin cewa makami ba ya shiga tanti, majinyaci ba ya fita sai ya warke, mai ƙara kuma ya kai gaban alƙali, shi ma a can zai kai ta kawunsa. Suka yi ta cika baki, daga baya suka watse.

Ya wanke raunin, ya ɗora ƙafar daidai wa daida. Barmo ya dube shi da kyau, ya tambaya a hankali ko likita ya gane shi.

Cindo ya ce, "Na gane ka sarai. Buɗe baki."

Maganin kuwa ɗaci gare shi kamar maɗaci. Barmo ya yamutsa fuska, ya roƙi ko da ɗan zuma. Cindo ya bi dokar a ransa daga farko har ƙarshe, ya ce masa babu inda ta ambaci zuma.