Katin Fam Ɗari na Malam Pindar

Akwai wani malamin firamare a Maiduguri mai suna Pindar, wajen shekarar 1965. Albashinsa fam goma sha biyu ne a wata. Yayarsa Naomi ce ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, da keken ɗinkinta ta biya masa kuɗin makaranta har ya gama.

A shekarar ce wani kamfani mai kantuna a Maiduguri da Jos da Kano ya fito da kati don ma'aikata. Ka nuna kati ka ɗauki kaya, biya sai daga baya.

Pindar yana shirin zuwa Jos bikin abokinsa, don haka ya je wurin akawun kamfanin, wani dattijo mai suna Aloysius.

"Kati biyu ne, Malam," in ji Aloysius. "Na fam goma da na fam ɗari. Ɗauki ƙaramin, ya ishe ka sukari da sabulu da guzurin hanya."

Pindar ya ɓata rai. "Kallon talaka kake mini? Babban nake so."

"Babban sai da mai tsaya maka, wanda zai sa dukiyarsa jingina."

Pindar ya karɓi takardar jingina ya wuce unguwar Umarari, wurin yayarsa. Naomi ba ta yi boko ba. Ya ce mata, "Yaya, takardar makaranta ce, suna son shaidar ɗan'uwa." Ta dangwala yatsa ta koma kan ɗinkinta.

A Jos ya sayi kwat biyu da takalmi da agogo, ya saya wa ango rediyo. Da ya dawo kuma ya daina zuwa kasuwa. Madara, kifin gwangwani, turare, komai sai kanti. Tun da ba ya ganin kuɗi na fita daga aljihunsa, bai taɓa zama ya haɗa jimla ba.

Bayan wata biyar Aloysius ya kira shi ya miƙa masa takarda. Fam casa'in da shida.

Pindar ya karanta sau uku. Ya zauna kan buhun gishiri.

"Casa'in da shida? Ni? Wallahi an yi kuskure!"

"Ga sa hannunka a kowane layi. Sau biyu na aika maka, ka ce wa ɗan aike kana aji. Ranar Litinin za a ɗauki jingina."

Ya sayar da agogon da kwat ɗaya, ko rubu'in kuɗin bai haɗa ba. Ya je ƙofar Naomi har sau biyu, ya kasa shiga.

Ranar Litinin ya iso gidanta a guje, ya tarar ana ɗora keken ɗinkinta a kan amalanke. Maƙwabta sun yi cirko-cirko, wata tana salati. Naomi na tsaye da rigar wata amarya a hannu, rabinta ba a ɗinka ba.

Ya durƙusa a gabanta. "Yaya, ƙarya na yi miki. Ba takardar makaranta ba ce."

"Na sani," in ji ta.

Ya ɗago kai, baki buɗe.

"Washegarin da na dangwala, akawun ya zo da kansa ya karanta mini ita tun daga sama har ƙasa. Ya ce in ina so ya yage ta nan take."

"To me ya hana ki?"

"Da an yage, da duk kantin sun ji cewa malamin makaranta ya yaudari yayarsa. Na ce a bari. Na ce Pindar ɗina ne, zai zo ya faɗa mini da bakinsa." Ta ninke rigar a hankali. "Wata biyar kana cin tuwona kowace Lahadi bayan coci. Kullum in ce yau zai faɗa."

Pindar ya fashe da kuka a gaban jama'a, babu wanda ya ce masa ya yi shiru.

A ranar ya mayar da katin. Ya soma koyar da 'yan kasuwa karatu da yamma, sai bayan wata goma sha huɗu ya fanso keken. Kafin nan masu kawo wa Naomi ɗinki sun koma wurin wasu, ita kuwa tana yi wa wani tela aikin sa maɓalli a bakin kasuwa, sule ɗaya a wuni. Ta yafe masa. Amma daga lokacin, duk takardar da ya kawo mata, sai ta kai wa wani ya fara karanta mata.

Darasi: Girman kati ba girman aljihu ba ne. Kafin ka zaɓi mai yawa, dubi abin da kake samu, ka dubi wanda zai biya in ka kasa. Kuma kada ka yi wa mai ƙaunarka ƙarya don ka burge mutanen waje. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani yana shirin sa hannu yau.