Man Mota a Cikin Babur Ɗin Asibiti

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum, direba ne. Shekara ashirin yana jan mota kafin wani ƙaramin asibiti ya ɗauke shi aiki. Tsakanin asibitin da gidajen mutane akwai tudu mai tsakuwa wanda mota ba ta iya hawa. Don haka aka damƙa masa babur mai ƙafa huɗu, da ɗan gado mai taya da ake ɗaurawa a baya, ya riƙa ɗauko marasa lafiya. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye. Ciwonsa ɗaya ne: gara a zare masa haƙori da ya ce "ban sani ba".

Da lokacin canza baƙin mai ya yi, tsohon makanikin da ke duba babur ɗin ya ce masa, "Malam direba, kada ka zuba masa baƙin man mota. Wannan kulocinsa cikin man yake wanka tare da inji. Na mota ya cika santsi, zai sa ya riƙa zamewa. Nemi wanda aka yi don irinsa, yana nan rubuce a littafinsa."

Direba ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, mai ai mai ne. Ni za a koya wa inji?"

Shagon da ake samun man yana da nisa, ga kuma ragowar man mota a galan a bayan ƙofar ɗakinsa. Ya tuttula shi ciki, ya goge hannu. Da malamar asibiti ta tambaye shi ko an zuba wanda makaniki ya faɗa, ya dube ta ido cikin ido ya ce an zuba.

Sati uku ba a ga komai ba. A na huɗu babur ya fara kuka a kan tudu, ƙara da yawa, tafiya kaɗan. Ya ji, ya kuma gane. Amma ya koma wurin tsoho ya ce na yi kuskure? Ina! Sai ya riƙa ɗaukar gudu tun daga nesa, yana haurewa da ƙyar.

Wata safiya aka aiko a ɗauko mara lafiya, numfashi yana neman gagararta. Kun san ko wace ce? Yayarsa ce, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da ita a baya ba zai iya gudu a kan gargada ba, dole ya lallaɓa. A tsakiyar tudu kuloci ya saki. Inji yana ihu, tayoyi ba sa ja. Ya matse birki, nauyin gadon ya ja su baya a kan tsakuwa, ga rami a gefe.

Ya diro, ya zagaya da gudu, ya tare gadon da jikinsa. Taya ta hau ƙafarsa, ƙarfe ya danne ta da dutse, sannan komai ya tsaya cak. Manoman da suka ji ihunsa suka sheƙo, suka ɗora yayar a kan wani katako, suka haura da ita da ƙafa. Allah cikin rahamarsa Ya sa suka isa a kan kari, ta rayu.

Shi kuwa ƙafar ba ta gyaru ba, sai da aka yanke. Aiki ya tafi, tuƙi ya ƙare har abada. Yana kwance ya sa aka kira tsohon makaniki da malamar asibiti, ya faɗi gaskiya yana hawaye. Tsoho bai ce "na gaya maka" ko sau ɗaya ba, sai ma ya zauna ya sassaƙa masa sandar dogarawa.

In aka zo yi masa jaje cewa yake yi, "Ku taya ni godiya dai. Ni na zuba man, ni ya kamata abin ya faɗo wa. Da Yaya ce ta tafi, da wace fuska zan tsaya gaban Ubangiji?"

Ya 'yan uwa, man mota ba mugun abu ba ne, a mota ma alheri ne. Girman kai ne ya zuba shi inda ba wurinsa ba, ƙarya ta rufa masa asiri, amana ta tozarta. Wa ke cikinmu bai taɓa jin wata amanar tana kuka a hannunsa ba, ya kau da kai? Mu gode wa Allah da bai kama mu tun a kuskuren farko ba. Mu gode wa masu faɗa mana gaskiya tun muna tsaye da ƙafafunmu biyu.

Allah Ya kiyaye mu daga raina mai nasiha, Ya hana laifinmu faɗawa kan waɗanda suka amince da mu. Amin.