Katin da Aka Ɗinke Cikin Fata

"Na ce miki an yi masa allura!"

"An yi masa ɗaya, Baban Murna. Uku likita ya ce."

"Ke kika je wurin likitan ko ni?"

"Kai ka je. Shi ya sa hankalina bai kwanta ba."

Akwai wani mutum manomi, shi ne mai ɗaga muryar nan, ɗayar kuwa matarsa ce. Gonarsa tana gindin dutse, birai sun mai da masararsa tasu. Da tsohon karensa ya mutu, sai ya samo ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin, ya sa masa suna Duna. Ya ƙaunace shi ƙwarai, har kunun safe sai ya rage masa.

Da Duna ya cika mako shida, mutumin ya sa shi cikin kwando, ya kai shi wurin likitan dabbobi. Likita ya yi allura, ya sauko da tabarau kan hanci, ya yi gyaran murya. "Ehem. Wannan ta fari ce. Bayan mako uku ka komo. Bayan wani ukun ka sake komowa, a haɗa masa da ta ciwon hauka. Kafin nan kada ya cuɗu da karnukan gari. Ga kati, na rubuta ranakun."

Mutumin ya dubi katin. Ga hatimi, ga rubutun da ko malamin makaranta sai ya yi gumi kafin ya karanta. Sai ya tuna yadda kakansa yake rataya wa ragonsa laya. Ya ce a ransa, takarda mai ƙarfi haka ba ta ajiya ƙarƙashin katifa ba ce. Ya biya ta wurin baduku, aka naɗe katin, aka ɗinke shi cikin jar fata, aka rataya a wuyan Duna.

Mako uku ya wuce, shida ya wuce. Duk sa'ad da matar ta ce, "Yaushe ne ranar komawa?" sai ya nuna wuyan kare ya ce, "Maman Murna, ga maganin nan yana yawo da shi. Mene ne kuma?" Har kasuwa ya riƙa zuwa da shi, mutane su gani. Duna ya shinshina wannan kare, ya lashi wancan.

Ana nan, wata safiya Duna ya ƙi kunu. Ya yi amai, ya yi zawo har da jini, ya kwanta bayan rumbu, ko wutsiya ba ya iya kaɗawa. Mutumin ya sungume shi, bai tsaya neman kwando ba, matar tana binsa a baya da mayafi a hannu.

Likita ya ce, "Ina kati?"

Mutumin ya nuna wuyan Duna.

Likita ya cire tabarau gaba ɗaya. Ya sa almakashi ya farke fatar. Ga kati fes, ko ƙura bai yi ba, ga kuma ranaku biyu da suka wuce ba wanda ya karanta su. Kwana huɗu Duna ya yi ana ƙara masa ruwa, mutumin yana zaune kan benci bai iya cin abinci ba. A rana ta biyar Duna ya ɗaga kai, ya lashi hannunsa.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Duna ranka ne. Allurar fari ranar da ka ba da gaskiya ce, abu mai kyau, amma mafari ne. Katin kuwa Maganar Allah ce. An ba ka ita domin ka buɗe, ka karanta, ka aikata, ka yi ta komowa wurin Mai warkarwa tun ciwo bai zo ba. Amma wasunmu sun ɗinke ta. Littafi yana ƙarƙashin matashin kai don kada a yi mugun mafarki. Takardar baftisma tana rataye a bango cikin gilashi, mai ita kuwa rabonsa da sujada tun bikin Kirsimeti, shi ma don shinkafa. In ka ce, "Ɗan'uwa, kwana biyu," sai ya ce, "Ai ni an yi mini tun ina yaro." Sa'an nan ya shiga kasuwar duniya ya shinshina kowane abu. Duna ya sami jinƙai ya tashi. Kada ka jira sai an sungume ka. Farke fatar yau, ka duba abin da aka rubuta maka.

Ranar da aka sallami Duna, likita ya rubuta sabon kati. Wannan karon matar ya miƙa wa. Ya ce da mutumin, "Yanzu dai ka gane inda kuskuren yake?"

Mutumin ya jujjuya farkakkiyar fatar a hannunsa, ya gyaɗa kai.

"Na gane, Likita. Badukun nan fatar tunkiya ya sa mini. Ni ta akuya na ce."